Mintunan Farko: Waiwaye Kan Yadda Ake Buɗe Fina-finan Fargaba

Har zuwa farkon shekarun 1950, mafarin fim a Amurka galibi bai wuce jerin sunaye ba. A jero 'yan wasa, a jero ma'aikata, ana kiɗa, 'yan kallo na ta neman kujera. A gidajen sinima da dama ma ba a janye labule sai sunayen sun ƙare. Mai zane Saul Bass na cikin waɗanda suka sauya wannan al'ada, musamman da ya yi aiki da Alfred Hitchcock a Vertigo na 1958 da North by Northwest na 1959 da Psycho na 1960, inda zane da kiɗa suka soma tsinka wa mutum zuciya tun labari bai fara ba.

Amma darasi mafi girma a 1958 ya zo, a fim ɗin Touch of Evil na Orson Welles. Abin da ake fara gani shi ne hannun wani mutum yana saita agogon bam, ya jefa shi a but ɗin mota, a wani gari na kan iyakar Meziko da Amurka. Wani attajiri da budurwarsa suka shiga motar suka tayar. Daga nan kyamara ta bi su fiye da minti uku ba a yanke hoto ko sau ɗaya ba. Ga 'yan tireda, ga garken awaki, ga ɗan sanda mai ba da hannu yana tsayar da motar, ga wasu ango da amarya, wato Charlton Heston da Janet Leigh, suna tafe a ƙasa, motar ta wuce su, su cim mata, ta sake wuce su. A shingen kan iyaka budurwar ta yi ƙorafin tana jin wani ƙas-ƙas a cikin kanta, ba wanda ya saurare ta. Mai kallo kaɗai ya san abin da ke cikin but, kuma ba shi da bakin faɗa. Hitchcock ya taɓa bayyana wa darakta François Truffaut wannan dabara: idan bam ya tashi ba zato, razanar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, idan kuwa an nuna wa jama'a inda aka ɓoye shi, kowace hirar banza da ake yi a kusa da shi sai ta zama azaba.

Abin takaici, kamfanin Universal ya liƙa sunayen ma'aikata a kan wannan fitowa tare da kiɗan Henry Mancini, ido ya rabu biyu. Sai a 1998 aka sake tace fim ɗin bisa doguwar wasiƙar da Welles ya rubuta musu, aka cire sunayen. Shi kuwa ya rasu tun 1985.

Psycho ya bi wata hanyar. Ya buɗe da rana tsaka a birnin Phoenix, a ɗakin otal, da masoya biyu da talauci ya hana su aure. Matar ta saci dala 40,000 ta gudu, kowa ya ɗauka labarin sata ne, sai aka kashe ta tun fim bai kai rabi ba. Shi ya sa Hitchcock ya hana a shigar da duk wanda ya makara.

Fina-finan James Bond ne suka mai da mafari wani ɗan fim mai zaman kansa da ke zuwa kafin sunaye. A From Russia with Love na 1963 an nuna ana shaƙe Bond a wani lambu da dare, daga baya aka yaye fuskar roba aka ga ashe wani ne ake atisaye a kansa. Wannan ya yi ma'ana, domin ya gabatar da makashin da zai bibiyi Bond har cikin jirgin ƙasa. Shekara guda bayan nan, a Goldfinger, Bond ya tarwatsa wata ma'ajiyar miyagun ƙwayoyi, ya tuɓe rigar ninƙaya sai ga farar kwat tsaf a jikinsa. Akwai daɗin kallo, amma kusan ba ruwansa da labarin zinaren da ya biyo baya. A ganina daga nan cutar ta samo asali. Mafari ya zama bashi da fim ke ci daga mai kallo, wasu su biya, wasu su yi ta kewaye-kewaye har a tashi.

Wanda ya biya da riba shi ne Jaws na Steven Spielberg a 1975. Yarinya ta shiga teku da dare, wani abu ya fizge ta daga ƙasa, ba a nuna ƙaton kifin da ya kama ta ba sam, sai kiɗan John Williams mai sauti biyu. Kifin inji da aka ƙera ya yi ta ba su matsala a lokacin ɗauka, abin da ya ƙara sa aka riƙa ɓoye shi, ɓoyewar kuma ta fi nunawa ban tsoro. Wes Craven ya ɗauko darasin Psycho ya matse shi a Scream na 1996: Drew Barrymore, wadda ta fi kowa suna a fim ɗin, ta ɗaga waya, cikin kusan minti goma sha biyu an gama da ita. Bayan haka mai kallo bai ƙara amincewa akwai wanda zai tsira ba.

Sai kuma salon da ya cika kasuwa a wannan ƙarni, na yanko wani wuri mai zafi daga can gaba a ɗora a farko, sannan a koma baya. Mission: Impossible III na 2006 ya yi shi da gwaninta, Philip Seymour Hoffman na ƙirga ɗaya zuwa goma da bindiga a kan matar jarumi. Masu kwaikwayo kuwa sun mai da shi mafaka, duk wanda ya san farkon labarinsa lami ne sai ya aro wuta daga ƙarshe. Illar ita ce mai kallo ya riga ya san jarumi zai rayu har zuwa wurin, saboda haka duk haɗarin da zai shiga kafin nan ba ya tayar wa kowa da hankali.

Spectre na 2015 ya nuna ƙarshen wannan hanya. An buɗe da bikin Ranar Matattu a birnin Meziko, da doguwar ɗauka mai tuna wa mutum Welles, da dambe cikin jirgi mai saukar ungulu a saman dandalin Zócalo. Faretin ya ƙayatar har hukumomin birnin suka soma shirya irinsa na gaske a 2016. Sai dai a wurin Welles mun san abin da ke cikin but, shi ya sa tsawon ɗaukar ya zama ukuba. A Spectre gwanintar mai kyamara muke kallo, ba wanda muke jin tsoron a rasa, kuma sauran awa biyu da suka biyo baya ba su sake kai wa wannan matsayi ba. Touch of Evil, mai baƙi da fari, har yau ya fi shi iya buɗe fim.