Tilboro, Algaita da Kilarinet: Tarihin Busa a Ƙasar Jama'a

Tun kafin kilarinet ta Turai ta iso Nijeriya, manoman ƙasar Zazzau suna da abin busa mai aiki irin nata, wato tilboro, wanda ake yi da karan dawa bayan an rarake cikinsa, a tsaga ɗan siririn harshe a jikin karan kusa da ƙarshensa, ta yadda iska za ta kaɗa harshen ya ba da amo. David Ames da Anthony King sun ambace shi a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, tare da damalgo, wanda ake ƙara masa ƙoƙo don muryarsa ta yi kauri. Da yake kara ba ya samuwa sai da kaka, kuma muryoyin da yake fitarwa ƙalilan ne, samari ba sa ɗora masa doguwar waƙa. Gajerun sautuka suke maimaitawa, gwargwadon ƙarfin numfashinsu.

Al'amarin algaita ya sha bamban, domin ita kayan fada ce, irin fadar Jama'a da ta koma Kafanchan a 1933, 'yan shekaru bayan garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927. Mai algaita ba shi da ikon busa abin da ya ga dama, saboda kowane basarake yana da takensa, wato sautin da ake gane shi da shi ko da ba a ambaci sunansa ba, kuma saurin busar yana bin tafiyar doki ne, a yi nawa in ana takama, a ƙara wuta in an zabura. Gwanintarsa tana cikin kumatu, inda yake tara iska yana turawa alhali yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa.

Ita kuwa kilarinet, wadda ake danganta ƙirarta da Johann Christoph Denner na Nuremberg a Jamus wajen 1700, ta shigo ne cikin badujalar soja da ta 'yan sanda, inda takun fareti ke yanke wa mabushi saurinsa. A majami'un da suka biyo bayan zuwan mishan ɗin SIM garin Kwoi a 1910, da Kagoro daga baya, ma'aunin saurin busa shi ne jama'ar da ke rera waƙa, don mabushin da ya wuce su da gudu ya ɓata ibada komai iyawarsa. Sai dai ba ta yi saiwa a yankin kamar ƙaho da ganga ba, kasancewar tana da tsada, harshenta na gora kuma daga waje ake kawo shi, ga shi muryarta tana nutsewa a buɗaɗɗen fili. A bikin Afan da ake yi a Kagoro kowace 1 ga Janairu, ƙahonin gargajiya da ganguna ne har yau ke jan taro.