Bayan an gama maganin kansar nono: kulawar da ta rage a gida

Tun daga shekarar 2021 da aka fara maganin haske, wato radiyoterapi, a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai, ana samun mata daga Maraɗi, Damagaram da Tawa da ke yin magani cikin ƙasa, su koma garuruwansu. Ranar dawowa ranar murna ce. Sai dai a nan ne iyalai da yawa ke tsayawa, alhali likitoci na son a ci gaba da duba mace shekaru bayan an yi mata aiki ko shimiyo, don a gano da wuri in cutar ta dawo.

Me ake nufi da bibiya?

A shekarun farko, galibi ana kiran mace likita duk bayan wata 3 zuwa 6, daga baya sau ɗaya a shekara. Ana duba wurin aikin da hammata, a ɗauki hoton ɗayan nonon. Wasu ana ba su ƙwaya irin tamoksifen da ake sha kullum har shekara 5, wani lokaci har 10. Ko da jiki ya yi daɗi, kada a daina ta sai likita ya ce. Ba a ɗaukar ciki ana shan ta, kuma zubar jini ta gaba ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi na buƙatar a je likita nan take.

Kula da hannu

In an cire ƙululun hammata, hannun gefen na iya kumbura, ko bayan shekaru. A kiyaye shi daga ƙuna wajen murhu, daga ƙaya wajen itace, da yanka. Kada wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wannan hannun. Motsa shi a hankali kullum na taimakawa. Daka da jan guga kuwa a koma musu sannu sannu.

Alamomin da ba a jira ranar randebu

Sabon ƙulli a tabon aiki ko hammata, ciwon ƙashi ko baya da ya ƙi tafiya, tari mai daɗewa, rama ba dalili, idanu sun yi ɗorawa, ko ciwon kai mai tsanani. A fara da CSI mafi kusa, su tura ta gaba.

Abin da ya shafe mu

Gajiya na iya ɗaukar watanni bayan shimiyo, ba ragwanci ba ne. Gashi na sake fitowa. Kansa ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya ko kwana ɗaki ɗaya, don haka babu dalilin ware mace. Mun san matan da aka cire wa nono suna fargabar miji zai juya musu baya. Maigida da ya raka matarsa Yamai, ya zauna da ita gaban likita, ya sauke mata rabin wannan nauyin.

Ku ƴan uwa da ke Kwatano, Legas, Libiya ko Faransa, abin da ke hana mace zuwa randebu sau da yawa kuɗin mota ne da masauki a Yamai. Ku san ranakun, ku aiko kafin lokaci. Ku ce a ɗauki hoton karne da duk takardun likita a tura muku ta WhatsApp, saboda takarda na ɓacewa ko damina ta jiƙa ta, kuma sabon likita zai buƙaci sanin irin maganin da aka yi.

Allah ya ƙara lafiya.