Zango, Daga Gulbin Rima Zuwa Bakin Teku

A Turai da Amurka akwai masu sayen mota mai ɗaki a cikinta, da gado da madafa da makewayi, su yi makonni suna bin gaɓar teku. Duk inda rana ta faɗi sai su shiga wani fili da aka keɓe, su biya kuɗi, su sami ruwa da lantarki da mai gadi. Wanda ya ga hotunansu a intanet motar ce za ta ɗauke masa hankali, alhali filin nan ne ke riƙe da tafiyar. Kakanninmu sun san shi tun ba a ƙera mota ba. Sunansa zango.

A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja sayo goro, da kanwa da tufafi a kan jakai da takarkarai. Tafiya ce ta watanni. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya. Da asuba ake ɗaura kaya, a sauka kafin rana ta ƙwalle sosai. Zango yakan kasance a bayan gari, kusa da ruwa da ciyawa. A kafa bukkoki, a turke dabbobi, matan gari su kawo fura da tuwo su sayar, sarkin gari ya karɓi kuɗinsa, shi kuma ya ɗauki nauyin tsaron baƙi. Da zanguna ake auna nisa, ba da mil ba.

Gabashin Sakkwato ya san darajar zango, domin ya san inda babu shi. Tsakanin ƙasar Isa da fadamar Rima akwai dajin Gundumi: ba ruwa, ga mayaƙan Gobir suna tare hanya. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa dajin tare da ayarin Galadima. Dare da rana suka yi suna tafiya ba su sauke kaya ba, don sauka a Gundumi sayar da rai ne. Sai a Gawasu suka huta, inda suka tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya kafa sansani yana shirin yaƙi. Daga nan aka kai baƙon Wurno, ya zauna makonni.

Wurnon da ta ba shi masauki ba haka kawai ta tsiro ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina ta a matsayin ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa da malamai da manoma ke zaune wuri guda. A nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Dabararsa ita ce a cika bakin daji da mutane, domin hanyar da ke da garuruwa kusa da juna ita matafiyi ke iya bi. Rabah ma, a bakin gulbin Sakkwato, mazaunin zuriyarsa ce. Daga can Abubakar Atiku na Rabah ya hau gadon sarauta a 1873, a can aka haifi jikansa Sardauna Ahmadu Bello.

Kalmar zango kuwa ta bi goro har bakin teku. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, Hausawa suka gangara kudu, goro ya koma shiga jirgin ruwa zuwa Ikko. Wurin kwana ɗaya sai ya zama unguwa. Yau wanda ya bi gaɓar teku daga Ikko zuwa Ankara zai tarar da Zongo a Kwatano da Lome, da Sabon Zongo a Ankara. A can ma mai unguwa ne ke karɓar baƙo, ya nuna masa masallaci da mai masauki, kamar yadda ake yi a bakin Rima.

A gida fa? An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Tafki ne mai faɗi, irin wanda a wata ƙasa da an cika bakinsa da rumfunan masu yawon buɗe ido. Amma a Oktoban 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe fiye da mutum 40. Direbobin da ke bin hanyar Gundumi sun koma lissafin fataken 1853: a tashi tare, kada a tsaya, a fita daji kafin magariba.

Yanzu muna da kwalta da mota, abin da madugu bai taɓa mafarki ba. Shi kuwa yana da garin da zai sauka ya kwana da dukiyarsa, ya tashi da ita da safe. Ruwa da ciyawa Allah ya hore wa fadamar Rima. Amana da tsaro aikin masu mulki ne, kuma Bello ya nuna yadda ake yi tun shekara kusan 200 da suka wuce.