Diclofenac da misoprostol

Diclofenac da misoprostol haɗin magunguna biyu ne a cikin ƙwaya ɗaya, wanda ake bai wa masu fama da amosanin gaɓɓai, wato ciwon da jama'a suka fi kira sanyin ƙashi, idan akwai fargabar cewa maganin ciwon zai jawo musu gyambon ciki. Diclofenac shi ne ke rage zogi da kumburi, shi kuwa misoprostol aikinsa shi ne kare bangon ciki daga ɓarnar da diclofenac ke yi masa. An fi sanin haɗin da sunan kasuwa na Arthrotec. Magani ne da likita ke rubutawa, kuma an hana mai juna biyu shan sa, domin misoprostol yana sa mahaifa ta riƙa matsewa har ciki ya zube.

Yadda ƙwayar take

Ƙwayar hawa biyu ce. A tsakiya akwai diclofenac, an lulluɓe shi da wani ɓawo da ba ya narkewa sai ya wuce tumbi ya isa hanji. A waje kuma misoprostol ne, wanda ke narkewa da wuri. Ana yin ta iri biyu: mai miligiram 50 na diclofenac da mai miligiram 75, kowacce da maikurogiram 200 na misoprostol. Saboda wannan tsari ne ake haɗiye ta ɗungurungum, ba a tauna ta, ba a daka ta, ba a raba ta biyu. Yawanci ana shan mai 50 sau biyu ko uku a rana, mai 75 kuma sau biyu, tare da abinci.

Yadda yake aiki

Jikin mutum yana samar da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Idan gaɓa ta yi rauni ko ta kumbura, su ne ke ƙara zafi da zogi a wurin. Diclofenac, kamar 'yan uwansa asfirin da ibuprofen da naproxen da piroxicam, yana toshe hanyar samar da waɗannan sinadarai, shi ya sa ciwo ke lafawa.

Matsalar ita ce furostagilandin ba aikin ciwo kaɗai yake yi ba. A cikin tumbi shi ne ke sa bangon ciki ya fitar da wani ruwa mai yauƙi da ke shiga tsakaninsa da asid ɗin da ke narkar da abinci, yana ƙara gudanar jini a bangon, yana kuma rage yawan asid ɗin. Idan magani ya rage furostagilandin a gwiwa, ya rage shi a ciki ma, sai bangon ya zauna ba kariya, asid ya fara cin sa. Wannan ɓarna ta hanyar jini take zuwa, ba don ƙwayar ta taɓa tumbi kawai ba. Saboda haka allurar diclofenac ma tana iya jawo gyambon ciki, ko da yake mutane da yawa suna ɗauka allura ba ruwanta da ciki.

Misoprostol kwaikwayon furostagilandin ne da aka haɗa a ɗakin bincike. Yana mayar wa tumbi abin da diclofenac ya ɗauke masa, ba tare da ya rage ƙarfin maganin a gaɓɓai ba.

Tarihi

A shekarar 1971 masanin harhaɗa magunguna ɗan Ingila John Vane ya gano cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana samar da furostagilandin. Wannan bincike ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1982, tare da Sune Bergström da Bengt Samuelsson na ƙasar Suwidin. Diclofenac ya fito kasuwa a 1973 daga kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan da sunan Voltaren. A wannan shekarar ce kuma masu bincike na kamfanin G. D. Searle da ke Amurka suka haɗa misoprostol, wanda aka sayar da sunan Cytotec. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988 domin riga-kafin gyambon ciki ga masu shan magungunan ciwon gaɓɓai.

Babbar hujjar amfaninsa ta zo a 1995, lokacin da aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi kan majinyata 8,843 masu amosanin gaɓɓai a Amurka da Kanada. Waɗanda suka sha misoprostol tare da maganinsu na tsawon wata shida sun sami ragin kusan kashi 40 cikin 100 na munanan matsalolin ciki, irin su zubar jini da hujewar tumbi. Ragi ne mai yawa, amma ba kawarwa ba ce, kuma da dama daga cikin majinyatan sun daina shan misoprostol saboda gudawa da murɗar ciki. An amince da haɗaɗɗiyar ƙwayar a Amurka a 1997. Searle ya koma ƙarƙashin kamfanin Pfizer a 2003.

Dalilin haɗa su a ƙwaya ɗaya mai sauƙi ne. Majinyaci ba ya mantawa da maganin da ke ɗauke masa ciwo, amma yakan yi sakaci da wanda ba ya jin aikinsa a jiki. Idan suna haɗe, ba yadda za a yi ya sha ɗaya ya bar ɗaya.

Waɗanda ake bai wa

Ana amfani da shi ga manyan nau'o'in amosanin gaɓɓai guda biyu. Na farko shi ne na zaizayewar guringuntsi, wanda ke zuwa da shekaru da aikin ƙarfi da ƙiba, ya fi kama gwiwa da ƙugu da yatsu. Na biyu shi ne wanda garkuwar jiki ke juyawa ta far wa gaɓɓai, ya fi kama mata, yana sa yatsu su sandare da safe. A duka biyun maganin yana rage ciwo ne kawai, ba ya warkar da cutar. Mai nau'i na biyu yana bukatar wasu magunguna na daban, irin su methotrexate, domin hana gaɓɓan lalacewa.

Ba kowane mai ciwon gwiwa ne ke bukatar haɗin ba. An yi shi ne domin wanda haɗarinsa na gyambon ciki ya fi na sauran mutane: wanda ya haura shekara 65, ko wanda ya taɓa yin gyambon a baya, ko mai shan asfirin kullum, ko maganin tsinka jini irin warfarin, ko prednisolone da dexamethasone. Wanda gyambonsa ke zubar da jini a halin yanzu ba a ba shi.

Haɗari ga mai juna biyu

Wannan shi ne gargaɗi mafi girma a kan maganin. Mahaifa tana amsa wa furostagilandin da ƙarfi. Misoprostol yana sa ta matse, yana kuma tausasa bakinta. A farkon ciki yana jawo ɓari, wani lokaci ɓarin da bai fita duka ba, mai haɗe da zubar jini mai yawa. Idan cikin ya tsaya, ana iya haifar jariri da nakasa a hannu ko ƙafa, ko da shanyewar jijiyoyin fuska. A cikin da ya tsufa yana iya jawo naƙuda kafin lokaci ko tsagewar mahaifa, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. Shi kansa diclofenac yana cutar da ƙodar ɗan tayi da hanyoyin jininsa a rabin ciki na ƙarshe.

Saboda haka ba a bai wa macen da ke shekarun haihuwa sai an yi mata gwaji an tabbatar ba ta da ciki, kuma tana kan ingantacciyar hanyar tazarar haihuwa. Wadda ta gano tana da ciki alhali tana shan sa, sai ta daina nan take ta je asibiti.

A Jihar Sakkwato

A arewacin Najeriya an fi sanin misoprostol a ɗakin haihuwa fiye da wajen masu ciwon gaɓɓai. Matse mahaifar da ke zama haɗari ga mai ciki ita ce ke ceton mai jego, domin tana tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Hukumar NAFDAC ta yi masa rajista domin wannan aiki a 2006, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunanta domin riga-kafin zubar jinin a 2011. A 2013 gwamnatin Jihar Sakkwato, tare da shirin TSHIP da Amurka ta ɗauki nauyinsa, ta fara raba shi a unguwanni da ƙauyuka ga matan da ke haihuwa a gida, haɗe da chlorhexidine na shafa wa cibiyar jariri. Rabon ya game mazaɓu 244 na ƙananan hukumomi 23 na jihar, ciki har da Shagari da Boɗinga da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega.

Abin da ake bai wa mai jego ƙwaya uku ce ta maikurogiram 200, da zarar jariri ya fito. Ke nan kowace ƙwaya ɗaya ta maganin gaɓɓai tana ɗauke da kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, kuma wanda ya sha ta sau uku a rana ya sha kwatankwacinsa cif. Ga tsoho ko tsohuwa wannan ba komai ba ne. Amma a gidan da ake zaune kaka da suruka da jikoki, kuma aka saba miƙa wa juna ragowar magani, abu ne mai sauƙi matar da ke da ƙaramin ciki, wadda watakila ita kanta ba ta sani ba tukuna, ta yi ƙorafin ciwon baya a ba ta "maganin Inna". Sunan da ke jikin kwali ba ya nuna wa wanda bai sani ba cewa akwai maganin naƙuda a ciki.

Yawancin mutanen yankin Shagari manoma ne da makiyaya, kuma ciwon gwiwa da na baya ba baƙo ba ne ga wanda ya tsufa da fartanya a hannu. A karkara shagon kemis ne wurin farko da mai ciwo ke zuwa, inda akan ba shi "haɗi", wato ƙwayoyi kala-kala a ƙulle ɗaya ba tare da kwalinsu ba. Idan ƙullin ya haɗa diclofenac da ibuprofen ko piroxicam, magani iri ɗaya ne aka ninka: sauƙin da ake samu ba ya ƙaruwa sosai, haɗarin gyambo ne ke ƙaruwa. Idan aka ƙara da dexamethasone abin ya fi muni. Misoprostol ɗin da ke cikin ƙwaya ɗaya ba zai iya kare ciki daga duk wannan ba.

Zafi da azumi ma suna da nasu tasiri. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma diclofenac yana rage jinin da ke zuwa ƙoda, musamman idan jiki ya rasa ruwa. Gudawar da misoprostol ke sawa tana ƙara bushewar. Mai azumi da ke kan maganin ya kamata ya tattauna da likita kafin watan ya kama, domin a daidaita shan da buɗa baki da sahur, ko a canza masa wani.

Sauran illoli

Illar da aka fi gani ita ce gudawa, sai murɗar ciki, tashin zuciya da kumburin ciki. Yawanci suna zuwa a farkon fara shan maganin su lafa cikin 'yan kwanaki. Shan sa da abinci yana rage su, maganin ƙwannafi mai sinadarin maganiziyom kuma yana ƙara su. Mata kan ga ɗigon jini ko ƙaruwar jinin al'ada. Wadda ta daina al'ada ta ga jini, sai a duba ta.

Kariyar misoprostol a ciki ta tsaya. Ba ta shafi zuciya ba, ko ƙoda, ko hanta. Diclofenac yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, yana kuma tayar da hawan jini da kumburin ƙafa. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana bai wa masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Haka nan ba a bai wa wanda asfirin ke tayar masa da asma, ko mai ciwon ƙoda ko hanta mai tsanani.

Gyambon da irin waɗannan magunguna ke jawowa sau da yawa ba ya yin ciwo, domin maganin da ya jawo shi yana ɓoye zoginsa. Alamar farko takan zama baƙin bayan gida mai kama da kwalta, ko aman jini, ko jiri da farin ido. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya daina shan maganin ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda jininsa ya ƙi tsayawa yakan bukaci ƙarin jini da leƙa tumbi da na'ura a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke birnin Sakkwato.

Wasu hanyoyi

A yau likitoci da yawa sun fi son haɗa maganin gaɓɓai da omeprazole ko danginsa, masu rage asid kai tsaye, saboda sau ɗaya ake shan su a rana kuma ba su cika sa gudawa ba. Akwai haɗin naproxen da esomeprazole mai suna Vimovo, wanda aka amince da shi a Amurka a 2010, da na ibuprofen da famotidine mai suna Duexis, a 2011. Celecoxib ya fi sauƙi ga ciki, sai dai ɗan uwansa rofecoxib an janye shi daga kasuwa a 2004 saboda bugun zuciya. Ga ciwon gwiwa ko yatsu, diclofenac na shafawa yakan wadatar, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Wanda ya taɓa yin gyambo akan gwada shi a ga ko yana ɗauke da ƙwayar cutar Helicobacter pylori, a kashe ta kafin ya fara shan maganin na dogon lokaci.

Ajiya

Misoprostol yana lalacewa idan ya sha laima, don haka ake rufe kowace ƙwaya a takardar alminiyom. Ƙwayar da aka ɓare aka zuba a leda ko kwalba tana iya rasa kariyarta alhali diclofenac ɗin ciki yana nan da ƙarfinsa. Ana ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi, nesa da yara, a cikin kwalinsa mai ɗauke da lambar NAFDAC da ranar da zai daina aiki.