Wuƙa, Katako da Takarda: Tarihin Kayan Bugun Zane a Ƙasar Japan

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa littattafan tarihin zane-zane na duniya, da wuya a ce bai ci karo da hoton wata igiyar ruwa ba, wadda ta miƙe ta buɗe farata kamar za ta haɗiye jiragen ruwa guda uku, alhali dutsen Fuji ya yi tsugune can nesa. Sunan da ake jingina wa wannan hoto shi ne Katsushika Hokusai (1760–1849), kuma an fitar da shi ne wajen shekarar 1831. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Hokusai zane kawai ya yi. Wani ne ya manna zanen a kan katako ya sassaƙe shi, har takardar asalin ta salwanta a ƙarƙashin wuƙa. Wani ne ya shafa launi ya buga. Wani kuma can a ƙauye shi ya yi takardar da ta ɗauki hoton. A yau akwai mutane masu yawa, a Japan da wajenta, da ke yin wannan aiki su kaɗai don sha'awa, kuma tambayar da ke fara tare su ita ce: wace wuƙa, wane katako, wace takarda? Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun waɗannan kaya, domin a tarihinsu ne amsar tambayar take.

Mafarin Al'amari

Daga ƙasar Sin takarda da dabarar bugu suka isa Japan. Tsohon kundin tarihin ƙasar ya ambaci wani malamin addinin Buda mai suna Donco, wanda ya zo daga Koriya a shekarar 610, ya kuma san yadda ake yin takarda da tawada. Tsakanin 764 da 770 Sarauniya Shotoku ta sa aka buga addu'o'i a ƙananan takardu, aka cusa su cikin 'yan hasumiyoyin katako har miliyan ɗaya, aka rarraba wa wuraren ibada goma. Wasunsu suna nan har yanzu. Amma ƙarnuka da dama bugu ya zauna ne a hannun gidajen ibada, sai a zamanin Edo (1603–1868), da aka sami zaman lafiya, birane suka cika, 'yan kasuwa suka yi kuɗi, sannan ya fito kasuwa. Hishikawa Moronobu, wanda ya rasu a 1694, yana cikin waɗanda suka fara fid da zane daga cikin littafi suka mai da shi takarda guda mai zaman kanta. Baƙi kawai ake bugawa a lokacin, in ana son launi sai a bi da buroshi.

Babban sauyi ya zo a 1765, kuma abin lura shi ne 'yan sha'awa ne suka jawo shi. Wasu masu hali a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, sun mai da musayar kalandu masu hoto abin gasa a tsakaninsu. Da yake ba riba suke nema ba, ba su ji ƙyashin biyan takarda mai kauri da launuka masu yawa ba. Mai zanen da ya fi amfana da wannan yayi shi ne Suzuki Harunobu, daga hannunsa kuma bugu mai cikakken launi ya bazu. Sirrin abin wasu 'yan tsagi ne guda biyu da ake yi a gefen kowane katako, waɗanda ake kira kento: ɗaya kusurwa, ɗaya miƙaƙƙe. Muddin gefen takarda ya zauna cikinsu, to ko katako goma aka bi da ita, kowane launi zai faɗa gurbinsa.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Sana'ar ta tsayu ne a kan mutum huɗu: mai zane, da masassaƙi, da mai bugu, da mawallafi wanda ke zuba jari ya kuma mallaki katakan. Irin su Tsutaya Juzaburo (1750–1797), wanda ya fito da Utamaro da Sharaku, su ne ke yanke shawarar kayan da za a saya. Hajar kuwa ta talaka ce. A 1842 hukuma ta ƙayyade kuɗin hoto guda kada ya wuce mon 16, wato kimanin kuɗin kwanon taliya, ta kuma rage yawan launukan da za a sa. Wannan ya nuna cewa dole kowane kayan aiki ya jure bugu ɗaruruwa ko dubbai kafin a mai da kuɗi. Saboda haka aka zaɓe su.

Katakon da aka dogara da shi shi ne na itacen ceri na kan duwatsu, wanda suke kira yamazakura. Ana yanka shi ne a tsaye, a bar shi ya bushe shekaru. Yana da tauri, jikinsa a matse yake, ga shi yana shan ruwa daidai gwargwado ba tare da ya kumbura ya ɓata layi ba. Inda ake bukatar layi siriri ƙwarai, kamar gashin goshin mace, akan dasa guntun wani itace da ya fi shi tauri mai suna tsuge. Babban makamin masassaƙi kuwa 'yar wuƙa ce mai baki a karkace, hangito, wadda yake riƙewa a dunƙule yana bin gefen layi dama da hagu. Bayan ta sai cizal mai faɗin baki da guduma ta katako don kwashe fili, da wasu ƙananan cizal da ake kira aisuki don share kusa da layi. Bakin waɗannan ƙarafa haɗi ne na ƙarfe mai tauri da mai laushi, irin haɗin da maƙeran takubba suka saba da shi, don haka suna ɗaukar kaifi sosai, suna kuma bukatar dutsen wasawa kullum.

Shi kuwa mai bugu ba ya amfani da inji ko kaɗan. Launinsa na ruwa ne: ya ɗiga shi a kan katako, ya ƙara ɗan dafaffen ƙullun shinkafa, ya gauraya su da buroshin gashin doki wanda aka babbake bakinsa aka goge a fatar kifin shak har ya yi laushi. Baƙin kuma daga kunkunniya da gam ɗin fata ake haɗa shi. Sai ya kifa takarda mai danshi, ya murza bayanta da wani faifai da bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, mai suna baren. Sassa uku gare shi: igiya da aka tuƙa da siraran zaren ɓawon gora aka naɗe ta kamar gammo, da marfi na takardu masu yawa da aka manna ɗaya bisa ɗaya aka shafe da ƙaron itacen urushi, da ɓawon gora guda da aka lulluɓe su da shi, aka ƙulle bakinsa ya zama mariƙi. Ƙulle-ƙullen igiyar nan su ke tura launi cikin jikin takarda. Haɗa baren na asali yakan ci watanni.

Takarda Uwar Aiki

Duk waɗannan kaya hidima suke yi wa takarda. Japanawa suna kiran takardarsu ta hannu washi, kuma daga ɓawon itatuwa uku ake yin ta: kozo, da mitsumata, da gampi. Na farkon shi ne na masu bugu, saboda zarensa ya fi tsawo da ƙarfi. Da sanyi ake sare rassan, a turara su, a saɓule ɓawon, a kankare baƙin bayansa, a dafa da ruwan toka, a tsince datti ɗaya bayan ɗaya cikin ruwa mai sanyi, sannan a daddaka da sanda. Kafin a ɗebo da mataci sai a zuba yauƙin saiwar wani tsiro mai suna tororo-aoi, wanda dangin kuɓewa ne na kusa. Yauƙin nan shi ke hana zaren dunƙulewa, ya ba mai aiki damar karkaɗa mataci har zaruruwan su sarƙe da juna.

Wadda ta yi fice a wurin masu bugu ita ce hosho ta yankin Ecizen, a lardin Fukui na yanzu. Asalinta takardar rubuta umarnin mahukunta ce, daga nan ma sunan ya samo asali. Idan aka raba babban fallenta biyu sai a sami girman da aka fi sani na hotunan Edo, kimanin santimita 39 da 26. Kafin a buga, akan shafe ta da ruwan gam ɗin fata da alif, wanda ake kira dosa. In aka bar ta haka nan, launi zai yi nashe-nashe, gashinta kuma ya riƙa maƙalewa a katako. In dosa ya yi yawa, launi ya ƙi shiga. Mai karatu ya tuna cewa falle guda yakan sha murza sau goma, wani lokaci fiye da ashirin, yana jiƙe, kuma ba a yarda ya miƙe ko ya tsuke ba. Takardar da ta gaza a nan ta rusa aikin mutum uku.

Faɗuwa da Farfaɗowa

Bayan 1868, da Japan ta buɗe ƙofa ga fasahar Turai, hoton kyamara da injinan bugu suka ƙwace kasuwa. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare sana'ar ta durƙusa. Hanyoyi biyu aka bi wajen tayar da ita. Ta farko ita ce ta mawallafi Watanabe Shozaburo (1885–1962), wanda ya riƙe tsohon tsarin mutum huɗu, ya yi aiki da masu zane irin su Kawase Hasui, ya kuma sake gini bayan girgizar ƙasar 1923 ta cinye kantinsa da katakansa. Ta biyun ita ta haifi ɗan sha'awa na yau. A 1904 wani matashi mai suna Yamamoto Kanae ya fitar da hoton wani masunci a mujallar Myojo, wanda shi ya zana shi kuma ya sassaƙa, ya bar sawun ƙarfe a fili bai ɓoye ba. Daga nan aka sami masu ra'ayin cewa mai zane ya zana da kansa, ya sassaƙa da kansa, ya buga da kansa. Sun kafa ƙungiya a 1918. Daga cikinsu aka sami Onci Koshiro da Hiratsuka Un'ici, daga baya kuma Munakata Shiko, wanda ya ci babbar kyautar bugun zane a baje kolin Benis a 1956.

Waɗannan mutane sun sauya kayan aiki saboda bukatarsu ta sauya. Wanda zai buga kwafi talatin ba shi da dalilin wahala da katakon da aka tanada don dubbai. Sai suka koma ga itatuwa masu laushi irin su katsura da ho, daga baya kuma filawud ɗin itacen shina, wanda ake samu da faɗi da araha. Ƙarafa masu bakin kwatarniya da masu bakin kusurwa, waɗanda ake turawa gaba da hannu, suka sami gindin zama. Ta wannan ƙofa aikin ya shiga makarantun firamare na Japan, ya shiga gidaje, inda mutane suka riƙa sassaƙa katin gaisuwar sabuwar shekara da hannunsu. A waje ma littafin Frank Morley Fletcher na 1916 a Ingila, da na Yoshida Hiroshi na 1939 da Turanci, sun koya wa mutane da yawa. A 2011 aka yi taron duniya na farko na masu wannan sana'a a Kiyoto da tsibirin Awaji.

Abin da Ɗan Sha'awa Ya Gada

Wanda ya fahimci wannan tarihi zai san inda ya kamata ya tsuke bakin aljihu da inda bai kamata ba. Game da katako, magabatan 1904 sun riga sun yi masa sassauci: shina ya ishe shi, sai fa in layi mai siririn gashi yake nema. Game da ƙarafa, uku ko huɗu masu kyau tare da dutsen wasawa sun fi akwati guda na dakusassu, domin dakusasshen ƙarfe yagar katako yake yi, shi ne kuma ke zamewa ya sami yatsa. Baren na roba, ko na igiyar zamani, ko mai 'yan ƙwallayen ƙarfe, duk suna biyan bukatar mai koyo, ko da yake ba su kai na asali iya shimfiɗa launi ba.

A kan takarda ne araha ba ta ado. Takardar inji da aka cika da niƙaƙƙen katako gajeren zare gare ta. Da ta ji ruwa sai ta miƙe ta ɓangare ɗaya, launi na uku ya kauce wa na farko, mai koyo ya zargi hannunsa alhali laifin ba nasa ba ne. Hikima ita ce ya yi gwaji da mai araha, amma aikin da yake so ya ajiye ya buga shi a kan kozo mai dosa, ya jiƙa ta tun daren jiya tsakanin takardu masu laima, kada kuma ya bar ta kwanaki har ta yi fumfuna.

Kammalawa

Zaɓin nan bai tsaya a kan teburin mai koyo ba. Gwamnatin Japan ta karrama Iwano Icibe na takwas a 1968, da ɗansa na tara a 2000, a matsayin taskokin ƙasa masu rai saboda hosho ta Ecizen. A 2014 hukumar UNESCO ta sa takardun hannu na Sekishu da Mino da Hosokawa cikin gadon al'adun duniya. Sai dai lambar yabo ba ta noma kozo. Manomansa sun tsufa, magada sun yi ƙaranci, har a 2019 aka shiga fargaba da labarin cewa 'yan tsirarun manoman tororo-aoi na lardin Ibaraki, waɗanda masu takarda da yawa suka dogara da su, suna shirin ajiye fartanya. Mawallafan Edo masu sayen takarda dami-dami sun daɗe da shuɗewa. Cikin waɗanda suka maye gurbinsu akwai malamin makaranta da ɗan fansho da ɗalibi, masu sayen falle goma ko ashirin. Kamar yadda kuɗin 'yan sha'awa ya buɗe wa launi ƙofa a 1765, haka nan falle goman nan yana cikin abin da zai sa mai takarda a Fukui ya sake tsoma hannu cikin ruwan sanyi baɗi.