Sarauniyar Lugu a majigi

Duk shekara idan muka zo darasin yaƙin Lugu na Afrilun 1899, nakan tambayi ɗalibaina wa ya taɓa kallon fim ɗin Sarraounia. Hannuwa kaɗan ke tashi, alhali Lugu tana nan cikin yankinmu na Dogondutsi.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya shirya shi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauke shi, da Julanci da Fulatanci da Faransanci. Wannan yana ci mini rai.

Ina dai nuna musu, su ga ɓarnar sojojin Voulet da Chanoine, sannan in tura su wurin kakanninsu su ji labarin Sarauniya Mangu da bakin Arewa.