Wa Ke Zaɓa Mana Abin Kallo?

Silima ta daɗe a bayan ganuwa kafin ta samu shiga birnin Kano. Silimar Rex, wadda aka buɗe a 1937, a Waje take, wajen Kwarori da baƙi. Abin da mutanen birni suka sani shi ne majigi na gwamnati, wanda ake kafawa a fili a nuna tsafta da noman gyaɗa, ba wanda ya tambaye ka me kake so. Da aka zo gina silimar Palace a Jakara, kusa da Kurmi, a farkon shekarun 1950 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, malamai suka tashi haiƙan. Ana cikin wannan taƙaddama gobara ta tashi a silimar El Duniya ranar 13 ga Mayu 1951, mutum 331 suka rasu. Jama'a da yawa suka ce ishara ce. Duk da haka Palace ta buɗe, ta yi zamaninta, daga baya aka mayar da ginin asibiti.

Wannan tarihi ya sa ɗan birni bai saba zuwa kallo kai tsaye ba. A unguwarmu yaron da aka gani a ƙofar silimar Plaza ko Orion ya shiga uku a gida. Saboda haka a kowane dandali akwai mutum ɗaya, ƙangararre, wanda ke zuwa ya kallo ya dawo ya ba da labari. Shi ne zai ce fim kaza “akwai wuta”, wane kuwa kada ka ɓata kuɗinka, bos ɗin ba ya da ƙarfi. Da bakinsa muka fara ganin Bruce Lee, da bakinsa muka san Dharmendra da Amitabh kafin mu ga fuskarsu a fasta. Yakan ƙara gishiri, ba shakka. Sai da na kalli wani fim ɗin Chanis da kaina na gane rabin faɗan da aka ba mu labari a kan dakali aka ƙirƙire shi.

Bidiyo ce ta rusa katangar. Abin da aka hana shiga ta ƙofar gari ya shigo a leda, ya wuce zaure, ya zauna a ɗakin amarya. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar buga kaset, ta Indiya da ta Amurka da ta wa'azi, ana ɗauka har Zinder da Maraɗi. Turmin Danya ya fito a 1990, fim ɗin Hausa ya sami gindin zama a kan wannan hanya da 'yan kasuwar kaset suka riga suka share. A nan ne ba da shawara ta zama sana'a. Mai hayar kaset na lungu ya san gidajen unguwa ciki da bai. Ya san gidan da ake son na kuka, da gidan da maigida ba ya yarda da rawa. Matan kulle ba sa zuwa shagonsa, yaro ake aikowa da kuɗi da saƙo: “a ba da mai kyau”. Shi ke nan. Idan ya ba da marar kyau, gobe yaron zai dawo da faɗan da aka ɗoro masa. Ban taɓa ganin mai sharhin fim a jarida da ake yi wa hisabi irin wannan ba.

Faifan CD bai yi dogon kwana ba. Wayar hannu ta zo a 2001, bayan wasu shekaru memori ya yi araha, sai ga masu turi. Kwamfuta ɗaya, igiyoyi, janareta, benci. Ka miƙa waya, a cika maka. Masu shirya finafinai sun yi ta kuka da su cewa sun kashe kasuwa, kuma kukan yana da tushe. Amma ta hannunsu ne kallon mutanen birni ya faɗaɗa fiye da kowane lokaci. Su suka yaɗa Indiya-Hausa ta Algaita, inda jarumin Telugu ke zagi da karin harshen Kano. Su suka saka wa matasa Jumong na Koriya, aka yi ta kwana ana kallon sarakai masu dogon gashi, saboda sarauta da kishi da biyayya ga iyaye ba baƙin abu ba ne a nan. Finafinan sararin samaniya kuwa, a iya ganina, ba su taɓa kama mu sosai ba sai da suka biyo ta Indiya. Star Wars ya wuce yawancinmu, amma Koi Mil Gaya na 2003, da halittar nan Jadoo, har tsofaffi sun san shi, don akwai uwa a ciki, akwai waƙa.

Yanzu YouTube da TikTok ke zaɓe. Tun da shirin Izzar So ya yi tashe a YouTube a 2020, masu fim suka koma can da kansu. 'Yar ƙanwata a Yakasai tana bin mawaƙan BTS, ta san sunayensu bakwai, kuma ba wani mai shago da ya nuna mata su, manhaja ce ta jero mata bayan ta kalli wani abu daban. Manhajar ta fi mai hayar kaset yawan kaya nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne ba ta san gidan wa take aika wa ba, kuma ba inda uwa za ta tura yaro ya mayar.

Shagunan turi ba su mutu ba, tsadar data ta riƙe su. Sai dai aikin ya juya. Yaro ne yanzu ke zuwa da sunan abin da ya gani guntunsa a TikTok, mai shago ya rubuta a takarda, ya ce a dawo bayan magariba.